Tsaga Biyu a Fuskar Baba Shitu

"Ina danginsa?" malamin asibitin ya tambaya, idonsa a kan takardar da ke hannunsa. "Jini za a ƙara masa. A kira 'ya'yansa ko ƙannensa, su ake fara gwadawa."

Aƙilu wanzami ya waiwaya ya dubi mutanen da suka biyo shi daga unguwa. Su tara ne har da shi tsaye a barandar asibitin, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya haɗa kaka da Baba Shitu. Akwai liman, akwai tsofaffi biyu da suka yi ɗinkin buhu tare da shi a kamfanin auduga, akwai Benedict mai kantin kayan keke, wanda ya ɗauko marar lafiyan a bayan a-kori-kurarsa. Sauran maƙwabta ne da suka ji salati suka fito.

"Mu ne," in ji Aƙilu.

"Ku ne me?"

"Danginsa."

Malamin ya ɗaga kai ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan daɗe a kan Benedict. Bai ƙara tambaya ba. Ya ce su naɗe hannun riga su bi layi.

Aka tsaga wa kowa yatsa, aka ɗiga jini a kan farin faranti. Mutum takwas aka sallama. Da aka zo kan na ƙarshe, Benedict, malamin ya karkata farantin wajen haske, ya sake karkatawa, ya ce wannan ya yi.

Benedict ya juya wajen liman yana murmushi. "Malam, kana gani dai. Jinin ɗan Ibo za a ɗura wa mai sahun gaba. Kada gobe a ce ban faɗa ba."

"Je ka kwanta a ɗiba," in ji liman. "Surutunka ne kawai nake roƙon Allah kada ya bi jinin."

Kwana biyar Baba Shitu ya yi a asibiti. Ranar da za a sallame shi likita ya ja Aƙilu gefe, ya gaya masa cewa ciwon yana cikin ciki, shi ke shanye jinin, kuma wanda aka ƙara ba zai wuce makonni ba. Aƙilu ya yi godiya, ya shiga ya naɗe tabarmar tsohon da butarsa. Ko matarsa Kulu bai gaya wa ba sai da ta tsare shi da tambaya.

Ɗakin Baba Shitu yana jingine da katangar gidan Aƙilu, ɗaki guda da 'yar rumfa a gabansa. Basillolinsa na ɗinkin buhu suna soke a jikin azara, sun yi tsatsa tun da ya bar aiki. Matarsa Mero ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Allah bai ba su haihuwa ba. Tun daga lokacin tuwonsa daga tukunyar Kulu yake fitowa, a miƙa masa ta kan katanga.

Kowa a unguwar ya san labarinsa, don shi da kansa yake bayarwa, yana dariya kamar labarin wani. A shekarar babbar yunwa wani mai jakai, Ɗanjuma, ya tsince shi a gindin tsamiya a hanyar Gozaki, yaro ɗan shekara biyu ko uku, babu babba kusa, babu ƙunshin kaya. Ɗanjuma ya raɗa masa suna, ya raine shi cikin 'ya'yansa. Shi bai san komai ba sai da mutumin ya rasu aka zo rabon gona, aka kira sunan kowa ba a kira nasa ba. A shekarar ya biyo motar auduga zuwa Funtuwa, bai sake komawa ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan sallamarsa, Aƙilu ya ratayo zabirarsa da hantsi ya zo yi masa aski, kamar yadda ya saba shekara talatin. Damina ta kusa ƙarewa, masara tana shanye a kan kowane rufin kwano. Ya zaunar da tsohon a rumfa, ya jiƙa masa kai, yana cikin wasa aska sai ga Benedict da kaza a hammata.

"Zo nan, ɗan uwana," in ji Baba Shitu. "Zauna kusa."

"Baba, ga kazarka na dawo da ita. Jiya kaza, shekaranjiya gyaɗa. Kai da ake kawo wa abinci, kai ne kake aike?"

"Mutum tara aka gwada. Duk aka ce a'a, sai kai. Wannan ba banza ba ne. Me sunan garinku?"

"Funtuwa, Baba. Bayan tashar jirgi aka binne cibiyata."

"Na ubanka nake tambaya."

"Wani ƙauye ne can ƙetaren Kwara. Sau uku na taɓa zuwa, kuma duk zuwan sai sun yi dariyar yadda nake yaren."

"A can ba a taɓa ɓatar da yaro ba? Ka tambayi tsofaffinku. Shekarar yunwa, wani ɗan kasuwa ya taho arewa da iyalinsa, ya koma babu yaro ɗaya."

Benedict ya dubi Aƙilu. Aƙilu ya ci gaba da wasa askarsa, bai ɗaga kai ba.

"Baba," Benedict ya ce a hankali, "na tambayi malamin da ya gwada mu. Ya ce jini iri-iri ne, kamar dawa, akwai kaura akwai farafara. Namu ni da kai iri ɗaya ne mai wuyar samu, shi ke nan. Akwai masu irinsa a Makka, akwai su a Legas. Ko Bature yana iya zuwa ɗaya da kai."

"Allah ya tsare," in ji tsohon. Ya yi 'yar dariya, dariyar ta ƙare da wuri. Ya sunkuyar da kai, Aƙilu ya ɗora aska.

Benedict bai ji daɗin shirun ba. Ya gyara riƙon kazar, ya ce, "Amma na karanta wani abu a jarida kwanan nan. Turawa sun gano cewa a cikin ɗigon jini akwai wani rubutu ƙanƙane da ido ba ya gani, rabi daga uwa, rabi daga uba. DNA suke ce masa. A Ingila har sun fara karanta shi, su ce wannan ɗan wane ne, wannan ba ɗan wane ba ne."

Kan tsohon ya ɗago har sai da Aƙilu ya janye aska.

"Rubutu? Wa ya rubuta?"

"Wanda ya halicce ka, Baba. Amma fa sai an samu jinin wanda ake zato an gwama da naka. Ba su iya duba naka shi kaɗai su faɗi gari."

Wannan ƙarshen bai shiga kunnen Baba Shitu ba. Benedict ya saki kazar a tsakar rumfa ya koma kantinsa. Aƙilu ya gama rabin kai, ya zagaya ɗaya gefen, sai tsohon ya riƙe masa hannu.

"Wanzam, ƙahonka yana cikin zabira?"

"Yana ciki."

"Ka kafa min ɗaya a baya. Akwai kwalbar turaren Mero a kan taga, a wanke ta, ka cika min ita. Benedict ya san yadda ake aika saƙo ƙasar waje."

"Jinin da aka ɗura maka jiya-jiya zan zuƙe? Ai na Benedict zan fitar. Wata shida su rubuto maka cewa ubanka mai kayan keke ne."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Baba. Jinin jikinka bai ishe ka ba, balle kwalba. Kuma ka ji abin da ya ce, sai da na wani a gwama. Na wa za mu aika?"

Tsohon ya saki hannunsa. Ya daɗe yana kallon kazar tana tono a bakin rumfa.

"Likita ya ja ka gefe, na gan ku ta taga," ya ce. "Ban tambaye ka ba, kuma ba zan tambaya ba. Shekara saba'in da biyar nake amsa sallamar mutane ban san ɗan wa ke amsawa ba. Ba gona nake nema ba, wannan ya wuce. Abu ɗaya ne ke hana ni barci. Matar da ta haife ni, ajiye ni ta yi ta tafi? Ta duba abincin da ya rage, ta duba 'ya'yanta, ta ce wannan ne za a bari? In na san garin, ko tsohuwa ɗaya ce ta rage da ta ji labarin, a tambayo min ita."

Aƙilu ya tsaya da aska a hannu. Akwai abin da ya sani tun ranar farko da ya kama fuskar mutumin nan, shekara talatin da suka wuce, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mahaifinsa, Abdussamad wanzami, ya hore shi tun yana koyon sana'a cewa duk abin da ya gani a kan mutum ko a fuskarsa, ya bar shi a wurin. Kuma a ce wa namiji tsagar fuskarsa an ɗora ta ne a kan wata, kusan zagi ne. Wani zai ji kamar an ce masa bawa, wani kamar an ce masa abin da ya fi haka muni. Shi ya sa duk Juma'a yatsansa yake bi ta wurin, ya wuce, ya yi maganar farashin goro.

Ya ajiye askar a kan zabira.

"Baba, ba ni yatsanka."

Ya kama yatsan tsohon ya ɗora a kuncinsa na hagu, ya bi da shi kan dogayen layukan da suka taso daga kunne zuwa gefen baki.

"Wannan zube ne, irin na gidan Ɗanjuma. Ka san shi. Yanzu sauko nan, tsakanin na biyu da na uku. Danna kaɗan. Ka ji?"

"Na ji wani abu kamar zare."

"Uku ne, gajeru, sun karkata ƙasa. Akwai ɗaya a dama da ta gitta, akwai wata 'yar ƙarama kusa da ido. Ba hannu ɗaya ya yi su da na sama ba. Waɗannan tun kana jinjiri aka yi su. Na sama an ɗora su daga baya, an rufe su."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun askin farko."

Baba Shitu ya juyo gaba ɗaya ya dube shi. Aƙilu ya so a ce zaginsa ya yi.

"Shekara talatin, Wanzam."

"Na yi kuskure, Baba. Na ɗauka rufin asiri nake yi."

"To karanta min. Ta su wa ce?"

"Ban san ta ba. Na san ta Katsinawa, ta Gobirawa, ta Zazzagawa, ta Barebari, ta Gwari. Wannan ban taɓa gani a fuskar kowa ba. Amma akwai Sarkin Aska Mudi a Musawa, sa'an mahaifina ne. In yana raye, babu tsagar da bai sani ba."

"Ba zan iya hawa mota ba."

"Ba sai ka je ba."

Da la'asar Aƙilu ya tsinko ɗanyen duma daga danga, mai girman kan mutum. A kan irinsa ya koyi riƙon aska yana yaro. Ya zauna gaban tsohon, hannun hagu a fuskarsa, na dama a kan duman, yana lalube yana yankawa. Ya fara da na ƙasa, sirara, ya auna tsawon kowace da farcensa, sannan ya ɗora zuben a kai. Kulu ta leƙo ta kan katanga da kwanon kunu, ta ga mijinta yana yi wa duma tsaga, ta ce, "Malam, in an gama sai a gaya mana ranar suna." Ta miƙa kwanon ta koma.

Ranar kasuwar Musawa ya kama hanya bayan sallar asuba, duman a naɗe cikin tsumma. Mota ta kai shi Malumfashi, gonakin auduga dama da hagu sun yi fure. Daga nan ya sake wata, ta ajiye shi a mararraba, mai babur ya ƙarasa da shi. Rana ta take ya isa kasuwa. A bayan kara, inda ake cinikin shanu, aka nuna masa wata rumfar zana. Wani tsoho ne zaune a kan buzu, idanunsa sun yi fari, jikokinsa maza suna aski a gefe shi yana sauraron ƙarar askarsu yana gyara musu.

Aƙilu ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ajiye goro.

"Ɗan wa?" in ji Sarkin Aska.

"Ɗan Abdussamad wanzami, na Funtuwa."

"Abdussamad mai kaciya da addu'a ta fi aikin tsawo? Allah ya jiƙansa. Hannunsa ya fi nawa, amma ban taɓa gaya masa ba. Me ka kawo?"

Aƙilu ya kwance tsumman ya ɗora masa duman a cinya, ya ba shi labari a taƙaice. Tsohon ya shafa duman da tafin hannu, sannan ya sa kan yatsu.

"Na sama aikin Gozaki ne, na san ma gidan wanzaman. Suna danna aska kamar suna huɗa." Yatsun suka sauka, suka tsaya. Ya koma farko ya sake bi. "Haka suke a fuskar? Ba ka gajarta ba?"

"Da farce na auna, ranka ya daɗe."

"Waɗannan ukun sun yi kama da na mutanen duwatsun kudu, amma nasu sama suke kallo. Wannan ta daman kamar an fara ta Barebari aka fasa. Ta kusa da ido kuwa ba ta kowa ba ce." Ya ture duman kaɗan. "Babu garin da ke da wannan tsagar. Babu gidan da ya gaje ta."

Aƙilu ya yi godiya. Ya miƙa hannu zai naɗe kayansa.

"Tsaya mana. Kai wanzami ne ko mai askin tasha? Ba a taɓa kiran ka gidan mai wabi ba, matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya?"

"An kira ni. Kunne muke ɗan tsagawa, ko a sa wa yaron zobe."

"Wannan na zamaninku ne. A da, in mace ta gaji da binnewa, ranar suna sai ta ce wa wanzami kada ya yi wa jaririn tsagar gidan. Ya tsinto nan, ya tsinto can, ya haɗa wadda ba ta kowa ba. Wai in abin da ke ɗauke 'ya'yan gidan ya dawo, ya leƙa fuskar yaron, ya ce wannan baƙo ne, ya wuce. Malamai sun hana, an bari. Ni sau biyu na ga mahaifina ya yi." Ya sake jawo duman. "Kuma a irin wannan ba ungozoma ke riƙe kan yaro ba. Uwar ce da kanta, a cinyarta. Ka ce sirara ne, ba su yi zurfi ba?"

"Kamar zare."

"To tana tsaye a kan wanzamin ke nan, tana ce masa a hankali, a hankali."

"Bayan 'ya'ya nawa ake yi?"

"Ba a yi wa mace sai ta binne uku."

"Ranka ya daɗe, garin fa? Ko yankin? Mutumin kwanansa kaɗan ya rage."

Sarkin Aska ya yi dariya har sai da tari ya kama shi. "An yi abu don kada a gane yaro. Kai kuma ka zo bayan shekara saba'in ka ce makaho ya gane shi. Je ka, ɗan Abdussamad. Bar min duman, in nuna wa waɗannan jakunan abin da ake kira aiki."

A tashar Malumfashi motar Funtuwa ta daɗe ba ta cika ba. Aƙilu yana zaune a kujerar baya yana jin 'yan kamasho suna kiran garuruwa, kowane suna aka kira sai ya gwada shi a bakinsa. Gari aka aike shi ya kawo. In ya ce Birnin Gwari, wa zai ƙaryata shi? In ya ce wani ƙauye a ƙasar Borno da yunwa ta tashe shi, tsohon zai riƙe sunan ya kwanta da shi, kuma babu lokacin da zai aika a bincika. Kafin motar ta wuce Bakori ya riga ya zaɓi gari, ya shirya har da sunan unguwa.

Rana ta yi sanyi ya shigo layinsu. Kulu ta tare shi a ƙofa.

"Tun azahar yake tambayar ka. Ya ƙi kunu, ya ƙi ruwa. Benedict yana wurinsa."

Ya tarar da tsohon kwance a kan gadon kara, an tokare masa baya da buhun ƙaiƙayi. Benedict yana zaune a ƙasa yana yi masa fifita da murfin kwali.

"Wanzam," in ji Baba Shitu. Muryar ta ragu sosai. "Wane gari?"

Aƙilu ya zauna a bakin gadon. Sunan garin da ya shirya yana kan harshensa. Ya dubi fuskar, ya tuna shekara talatin yana wucewa ta kanta da bakinsa a rufe, ya ga in ya yi ƙarya yau, rufi na uku zai ɗora mata.

"Babu gari, Baba."

Tsohon ya lumshe ido. Benedict ya daina fifita.

"Amma ka saurare ni har ƙarshe."

Ya ba shi labarin kamar yadda aka ba shi, bai ƙara ba bai rage ba. Matan da suka gaji da binnewa, wanzamin da ke tsinto nan ya tsinto can, uwar da ke riƙe kan jaririn a cinyarta. Da ya zo wurin a hankali, a hankali, sai ya ga idanun sun buɗe.

"Sake faɗa."

Ya sake.

"Ita ta riƙe ni?"

"Haka al'adar take, in ji shi."

"Kuma uku ta binne kafin ni."

"Aƙalla."

A waje mata suna kwashe masara daga rufi, ana jin ta tana zuba cikin kwando.

"Ashe ni ƙane ne," in ji Baba Shitu. "Ina da yayye. Duk zamana a duniya na ɗauka daga ni sai tsamiya." Ya juyo da kai. "Wanzam, kada ka lallashe ni. Irin wannan matar tana yar da ɗa?"

"Ban san abin da ya faru a gindin tsamiyar ba, Baba, kuma babu wanda zai sani. Ko ruwa ta je nema ƙafarta ta gaza, ko wani ta bai wa ya riƙe ka. Abin da na sani shi ne abin da ke fuskarka. Matar da ta sa aka yi wannan so take ka zauna."

Hawaye ya gangaro ta gefen idon tsohon ya shige cikin kunnensa. Bai share ba. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi, Aƙilu ya ɗauka kuka ne, ashe dariya ce.

"Ta iya ɓoyo kuwa. Shekara saba'in da biyar ana zuwa ana ɗaukar na dama da ni, a ɗauki na hagu, ni a leƙa a wuce. Har ni kaina ban gane ni ba."

"To Baba, ka sake ni ke nan?" in ji Benedict, yana goge hanci da bayan hannu. "In daina jiran kaza?"

"Kai? Jininka yana yawo a jikina kana zancen saki? Tashi ka ce wa Kulu ta kawo kunun nan."

Ya sha rabin kwano. Washegari ya sa aka kira liman, ya ce a sa masa mutum huɗu a cikin addu'a, mace ɗaya da yara uku. Liman ya tambayi sunayensu. Ya ce bai sani ba, amma Wanda ake roƙo ya sani. Liman ya ɗaga hannu.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Kulu ta zagayo da koko ta yi sallama sau uku. Ta shiga, ta fito ta ajiye kwanon a bakin rumfa, ta kira mijinta da muryar da bai taɓa jin ta da ita ba. Baba Shitu yana kwance ta gefen dama, fuskarsa a alƙibla, yatsan hannunsa na hagu a kan kuncinsa.

Kafin azahar unguwa ta cika. Tsofaffin abokan aikinsa suka karɓi ɗinkin likkafani, suka ce allura ba ta fi ƙarfin masu basilla ba. Famfon layin bai kawo ruwa ba ranar, Benedict ya tafi da motarsa ya ciko jarkoki, ya sauke su a ƙofar ɗakin da kansa, ya koma ya tsaya a bakin rumfa, hularsa a hannu.

Liman ne ya yi wankan, Aƙilu yana zuba masa ruwa. Da aka zo kan fuska ya karkata butar a hankali. Ruwan ya bi dogayen layukan ya sauka, ya bar fatar tana sheƙi a hasken da ke shigowa ta ƙofa. A tsakanin layi na biyu da na uku, gajerun ukun nan suka fito sarai, sirara, sun karkata ƙasa, yadda bai taɓa ganin su da ido ba.

"Zuba, Malam Aƙilu," in ji liman.

Aƙilu ya riƙe butar bai zuba ba, har sai da fatar ta fara bushewa.